Baƙi Biyar a Jikin Duro

An ɗauke wuta. Barira ta kunna tocilan waya,
ta baje littafinta a kan tabarmata.
Aikin gida aka ba su: kalmomin Turanci na cutarwa,
a jera su tun daga mai sauƙi
har zuwa mai kai mutum makwanci.

Ta ce, Kaka, saurara.
Hamful, mai lahani ne, amma ana tashi.
Tokzik, mai guba, yana bin jini sannu a hankali.
Lital, in ya kai adadi ba makawa.
Fetal kuwa sai an riga an ɗora ruwan wanka.

Na ce, maimaita na biyun.
Ta maimaita.
Na ce, rubuta mini shi da manyan baƙi.
Ta zana a bayan kwalin maganin sauro.
Baƙi biyar.
Na farko turke ne da aka ɗora wa itace a ka,
na tsakiya hannu biyu a gicciye.

Na san shi.
Shekara goma sha tara muna gaisawa kowace safiya
a ɗakin rini na masaƙa a Kakuri,
yana jikin shuɗin duro, ƙarƙashin hoton ƙoƙon kai.
Mu mun ɗauka sunan kamfani ne.

Ƙoƙon kan ma Bulus Kure ya raɗa masa suna Manaja,
wai shi ma ba ya amsa gaisuwa, sai haƙora.
In inji ya ƙi, da hannu muke juya rini,
da hannun muke ɗaukar ƙosai in an busa ta sha biyu.
Danja kaɗai muka iya,
ita ma ta bakin titi ce, mai tsai da mota.
Duro in ya ƙare rububinsa ake yi.
Biyu na kawo gida a kan keke, ina taƙama.
Kakarki ta tari ruwan sama da ɗaya,
ɗayan ta jiƙa gero a ciki.

Bulus ya fara tari tun kafin a rufe masaƙa.
Likita ya rubuta masa wata doguwar kalma,
ya ninke ta a aljihu har Televishan, (unguwarsu ke nan),
ba mu ƙara zama benci ɗaya ba.

Barira ta ce, Malama ta ce a kula,
fenom na maciji ne, foizin na haɗiya.
Na ce, yarinya, ai mu ma mun raba su,
dafi daban, guba daban.
Muna da illa, muna da lahani, muna da cuta,
muna da halaka.
Ba kalma muka rasa ba.
Da wani ya ɗauki gawayi ya rubuta guba,
baƙi huɗu kacal,
ko ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa da baki.
Ajali na Allah ne, ban musa ba,
amma sanadi yana da suna,
kuma da jan fenti aka buga shi.

Saura misali, in ji ta, kowace kalma da jimlarta.
Na miƙa mata hannuna cikin hasken waya,
har yau akwai shuɗi a gindin farce.
Na ce, wannan a wane layi za ki sa shi?
Ta daɗe tana juya tafin.
Ta ce, hamful ne, Kaka. Ana tashi.
Tari ya taso mini, na haɗiye shi,
na ce, to, rubuta.

Duro ɗaya ya ɓule tun bara waccan.
Ɗayan na nan a ƙarƙashin indararo.
Da na dawo daga masallaci da asuba
na jingina kafaɗa na kifar da shi,
na tsaya da sanda ina korar awaki
har ƙasa ta shanye ruwan.